Kundin Aikin Daɓen Kankare Mai Zanen Dutse

4 ga Janairu

Yau muka auna filin. Tsakar gidan tana da tsawon mita 8 da faɗin mita 6, wato murabba'in mita 48, sai kuma hanyar da ta taso daga bakin ƙofa zuwa gare ta, mai tsawon mita 10 da faɗin mita 1.2. Idan aka haɗa su, murabba'in mita 60 ke nan. Tunda mota ba za ta hau ba, kaurin santimita 10 ya wadatar, kuma a kan wannan kauri za mu buƙaci kankare mai yawan kubik mita 6, wanda nauyinsa ya ɗan haura tan 14.

Maigidan yana son daɓe mai kamannin fallayen dutse da aka jera, manya da ƙanana, amma ba ya son ciyawa ta riƙa tsirowa a tsakaninsu, ba ya kuma son wani falle ya lotsa wani ya taso bayan shekara biyu. Wannan ne ya kawo mu ga kankare mai bugun zane: a zuba daɓe guda, a ba shi launi, sannan a danna masa tabarmin roba masu siffar dutse tun yana ɗanye. Na yi shekaru ina zuba daɓe na gama-gari, amma wannan ne karo na farko da zan ɗauki nauyin mai zane daga farko har ƙarshe, don haka na gayyato wani dattijon magini wanda hannunsa ya faɗa a kan wannan aiki. Baba muke ce masa dukanmu. Abin da ya fara tambayata shi ne inda ruwa zai bi ya fita, bai ko kalli hotunan zanen da maigidan ya zaɓa ba.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce sosai. A shekarun 1950 ne wani magini mai suna Brad Bowman ya fara ta a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, kuma kayan bugunsa na farko na katako ne, daga baya aka koma na ƙarfe da na alminiyam. Waɗannan layukan bulo ko na dutse kawai suke fitarwa, fuskar kuwa ta zauna sumul. Sai a ƙarshen shekarun 1970 Jon Nasvik ya fito da tabarmin roba na foliyuretan, waɗanda ke fitar da layi da kaushin dutse a bugu ɗaya. Irinsu ne muka ɗauko haya: shida masu tauri, ɗaya mai laushi da ake lanƙwasawa a jikin bango, da fata biyu marasa layi waɗanda kaushi kawai suke bayarwa.

10 ga Janairu

An gama haƙa. Mun kwashe ƙasar sama har zurfin santimita 20, rabi na tsakuwa rabi na kankare. A kusurwar gabas mun ci karo da wuri mai taushi, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi, inda da alama an taɓa haƙa rami aka cike shi da shara da ƙasa maras ƙarfi. Leburori sun so a zuba tsakuwa a kai a wuce, na ƙi. Mun tone shi har muka taras da ƙasa mai tauri, muka riƙa cikewa kaɗan-kaɗan muna dannewa. Wannan ya cinye mana yini guda da ba ya cikin lissafi, amma daɓen da ke zaune rabi a kan tauri rabi a kan taushi, a iyakar tsakaninsu yake karyewa, kuma ba a yi launi ko zanen da zai ɓoye irin wannan karaya ba.

16 ga Janairu

Tsakuwa ta shiga, santimita 10, a shimfiɗa biyu, kowace an yayyafa mata ruwa an bi ta da injin danne ƙasa har sai da takalmi ya daina barin sawu. An kafa katakan gefe. Gangaren da muka ba daɓen santimita 2 ne a kowace mita, daga jikin gini zuwa waje, don haka a faɗin mita 6 bakin waje ya sauka da santimita 12. Maigidan ya ga igiyar ya ce kamar gangaren ya yi yawa. Na bayyana masa cewa daɓe mai zane yana da kwaruruka da ramuka waɗanda sumul ɗin daɓe ba shi da su, kuma duk inda ruwa ya saba kwanciya, nan man kariya da ake shafa wa daɓe a ƙarshe ke fara lalacewa, nan kuma gansakuka ke kama wuri.

A jikin bango mun manna soso mai kaurin santimita ɗaya, domin kada daɓen ya haɗe da ginin. Kowanne yana da nasa motsin idan zafi ya zo ko sanyi. Ragar ƙarfe kuma mun ɗora ta a kan 'yan guntayen siminti da magina ke kira biskit, don ta zauna a cikin kankaren. Ragar da aka bari kwance a kan tsakuwa asarar ƙarfe ce kawai. Ya kamata a faɗi gaskiya game da ita: ba ta hana tsagewa, aikinta shi ne ta riƙe bakin tsagar kada ya buɗe ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Mun yanke shawarar raba zubin gida uku: rabin tsakar gida na yamma, rabin gabas, sannan hanya. Kowane rabi murabba'in mita 24 ne. Baba ya ce mutum biyar ba za su iya buga fiye da haka ba kafin kankare ya kama, kuma na yarda da shi.

20 ga Janairu

Mun zuba gwaji biyu a bayan gida, kowanne mita ɗaya a kan mita ɗaya, da irin haɗin da za mu yi amfani da shi: tsakuwa ƙanana waɗanda ba su wuce milimita 10 zuwa 12 ba, yashi wankakke, da ruwan da bai kai rabin nauyin siminti ba. Manyan tsakuwa suna tokare tabarma su hana zane shiga da zurfi.

Hanyoyin ba da launi biyu ne, kuma mun gwada duka. Ta farko a zuba launin cikin injin kwaɓa, ya game kankaren gaba ɗaya, ta yadda ko an ɓantare gefe launin iri ɗaya ne har ciki. Ta biyu a barbaɗa garin launi a fuska, wanda haɗi ne na siminti da yashi mai laushi da launi, a murza shi ya shige 'yan milimitoci na sama. Launukan kansu yawanci daga sinadarin tsatsar ƙarfe ake yin su, shi ya sa ja da ruwan ƙasa da rawaya da baƙi suka fi yawa, kuma shi ya sa rana ba ta kodar da su da sauri. A kan duka biyun muka barbaɗa hodar hana mannewa mai launin toka mai duhu, wadda ke da aiki biyu: tana hana tabarma kwaso fuskar kankare, sannan abin da ya maƙale daga cikinta a kwaruruka shi ke ba da inuwar da ke sa daɓen ya yi kama da tsohon dutse.

25 ga Janairu

An wanke gwaje-gwajen. Wanda aka barbaɗa wa gari ya fi fitar da zane dalla-dalla, har ƙananan jijiyoyin dutse sun bayyana, launinsa kuma ya fi kaifi. Ɗayan ya ɗan dushe. Maigidan ya zaɓi na barbaɗe, launin yashi mai haske. Na gaya masa aibinsa tun yanzu, cewa idan wani abu mai nauyi ya ɓantare fuskar, tokar siminti za ta leƙo daga ƙasa, sai an yi faci.

Na jiƙa rabin gwajin da ruwa na ce ya duba, domin kusan haka launin zai zama bayan an shafa man kariya, ya fi duhu ya fi sheƙi. Gara ya gani yau da ya gani bayan an gama mita sittin.

Da yamma mun yi atisaye a kan busasshiyar tsakuwa. Mun jera tabarmin, muka riƙa ɗaga na baya muna kai shi gaba, har kowa ya san wurinsa: mutum biyu a kan jerawa da dannawa, ɗaya a kan hoda, ɗaya a kan gyaran layuka da gefe, ɗaya kuma yana miƙo kaya da wanke su. Tabarmin zanensu ya kasu iri uku, kowane iri da launin robarsa, kuma ƙa'idar ita ce kada iri ɗaya ya zauna kusa da ɗan'uwansa, don kada ido ya gane maimaici.

29 ga Janairu

Zubin farko, rabin yamma. Mun fara da ƙarfe shida na safe, bayan mun jiƙa tsakuwar ba tare da ruwa ya kwanta ba, mun kuma lulluɓe bangon da leda har tsayin ƙirji saboda hodar tana tashi kuma tana ɓata fenti. Kowa ya sa takalmin roba da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana ƙona fata sannu a hankali, mutum ba ya ji sai ya riga ya yi illa. Mai barbaɗa gari da mai hoda sun ƙara da takunkumi.

Kafin ƙarfe bakwai da rabi an gama zubawa, an ja dogon katako an daidaita, an bi da faranti mai doguwar ƙota. Daga nan sai jira. Kankare yana yin zufa, ruwan da ya yi rara yana tasowa sama ya kwanta yana ƙyalli, kuma duk abin da aka yi wa fuskar kafin wannan ruwa ya ɗauke ɓarna ne, domin an mayar da ruwa cikin fatar sama ke nan, ita kuwa za ta yi rauni ta riƙa ɓarewa daga baya. Wani yaro ya ɗauki bokitin gari tun ƙyallin bai tafi ba. Baba ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, bari ya sha zufarsa tukuna."

Da fuskar ta dushe muka fara barbaɗa gari. Lissafinmu kilo 3 ne a kowane murabba'in mita, wato kilo 72 a wannan rabi, kuma mun raba shi tun jiya a bokitai don kada a ƙare a tsakiya. Kashi biyu cikin uku, kilo 48, aka fara watsawa, hannu a ƙasa-ƙasa kamar mai yafa iri, aka bar shi ya jiƙa da kansa daga ƙasa har ya yi duhu, sannan aka murza. Sauran kilo 24 aka watsa ta ɗaya ɓangaren, ana neman wuraren da toka ke leƙowa. Ba a yayyafa masa ruwa ko ɗigo, domin ruwan da aka ƙara a fuska tabo yake zama.

Lokacin bugu shi ne abin da na fi so in koya, kuma a nan na ga bambancin wanda ya karanta da wanda ya yi. Baba ya durƙusa a gefen da muka fara zubawa, ya danna ɗan yatsa a wurare uku ko huɗu. Da farko yatsan ya nutse ya fito da laka, ya girgiza kai. Bayan kamar minti ashirin ya sake dannawa, ramin ya tsaya a zurfin da bai wuce rabin santimita ba, gefensa bai rufta ba, yatsan kuma ya fito kusan a bushe. Sai ya ce a watsa hoda. Na sa nawa yatsan a gefen nasa don in riƙe yadda abin yake a hannu: akwai taushi, amma akwai turjiya a ƙarƙashinsa, kamar yumɓun da ya kusa isa ɗauka.

Tabarmar farko ita ce ke mulkin sauran, don haka mun ja igiya muka daidaita ta da jikin gini kafin kowa ya taka. Idan ta karkace da santimita ɗaya, kafin a kai ƙarshen mita shida karkatar ta zama abin da kowa zai gani. A layukan farko nauyin mutum kaɗai ya isa, ana takawa daga gefe zuwa tsakiya. Daga tsakiyar fili kankaren ya fara tauri, sai da muka ɗauki madaɓi, a layin ƙarshe kuwa mutum biyu ne ke bugun tabarma ɗaya. Ana ɗaga kowace tabarma tsaye, ba a jan ta. A jikin bango mai laushin ta yi aikinta, inda kuma layi bai haɗu ba ko laka ta tsattso a tsakanin tabarmi biyu, mai gyara ya bi da kurfi da ƙaramar taya ya daidaita. Daga tabarmar farko zuwa ta ƙarshe minti hamsin da biyar muka yi, kuma da an ƙara mana mita biyar da ba mu kai ba.

30 ga Janairu

Da sassafe aka yanka layukan tsaga da injin yanka, ana zuba ruwa a kan ruwan wuƙar saboda ƙurar silika da ke lalata huhu. Kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, wajen rabin milimita a kowace mita, kuma tunda ƙasan da yake kai tana riƙe shi, dole ya tsage a wani wuri. Abin da magini ke iya yi shi ne ya zaɓa masa wurin. Zurfin yankan kashi ɗaya cikin huɗu ne na kauri, wato santimita 2.5, tazarar kuma ba ta wuce ninki 24 zuwa 30 na kaurin ba. Mun raba rabin gida huɗu, kowane yanki mita 2 a kan mita 3. Mun yi ƙoƙari yankan ya bi dogayen layukan zanen inda ya yiwu, amma a wuri biyu ya ratsa tsakiyar dutse. Maigidan bai ji daɗin wannan ba, ni ma haka, sai dai layi miƙaƙƙe da muka zaɓa ya fi tsagar da za ta yi yawo inda ta ga dama.

Hodar muka bari a kai. Ba mu shimfiɗa leda ba, domin inda leda ta taɓa da inda ta yi tudu ba sa bushewa daidai, kuma taswirar hakan tana zama a launin har abada.

2 ga Fabrairu

An share hodar da tsintsiya, aka wanke da ruwa da ɗan sabulu da buroshi mai laushi. A nan ma akwai hukunci na ido: idan an wanke duka, inuwa ta tafi, daɓen ya zama launi ɗaya maras rai, idan an bar da yawa, man kariya ba zai kama ba, domin aikin hodar tun asali hana mannewa ne. Mun cire mafi yawanta, muka bar abin da ya shige kwaruruka. Na tsaya a bakin ƙofa na ga ruwan wankin yana gangarawa waje ba tare da ya tsaya ko'ina ba, sai a wani ɗan wuri mai faɗin tafin hannu biyu kusa da kusurwa, inda aka danna madaɓi fiye da kima.

6 ga Fabrairu

Zubi na biyu bai zo da sauƙin na farko ba, kuma laifin nawa ne. Injin kwaɓa ya samu matsala, ba mu fara ba sai ƙarfe takwas da rabi, kuma tun a lokacin busasshiyar iska ta fara kaɗawa. Baba ya ce a ɗaga zuwa gobe. Na duba leburori da kayan da aka riga aka tara da ranar mayar da tabarmin haya, na ce a ci gaba.

Abin da ya faru shi ne iska da rana suka busar da fatar sama alhali cikin yana nan da taushi. Masana kankare suna cewa idan ruwan da ke tashi daga fuska ya kai kilo ɗaya a murabba'in mita cikin awa guda, a jira tsagewa, kuma iska tana iya kai shi wannan mataki ko da zafin bai yi tsanani ba. Gwajin yatsa ya ruɗe mu: sama ta ce lokaci ya yi, ƙasa ta ce da saura. Da muka danna tabarma, cikin ya motsa, ɓawon ya yayyage, ƙananan tsagogi suka fito a gefen kwaruruka kamar busasshiyar laka a bakin tafki. Nan take muka kafa buhuna a kan sanduna ta ɓangaren da iskar ke fitowa, muka rage ƙarfin bugu, mai gyara kuma ya riƙa bin tsagogin da fatar kaushi yana dannawa a hankali don bakinsu ya rufe. Mun ceto mafi yawan filin. Layuka biyu na ƙarshe, wajen murabba'in mita huɗu, zanensu bai yi zurfi ba, kuma tsagogin suna nan ga mai dubawa.

Na kira maigidan na nuna masa kafin ya gani da kansa, na kuma gaya masa cewa an ba ni shawarar dakatawa ban bi ba.

8 ga Fabrairu

An yanka layukan tsaga tun jiya da asuba. Yau mun kwaɓa garin launin da ruwan gam na siminti, muka cusa a tsagogin da yatsa, muka goge rarar da soso mai ɗanshi. Tsagogin na fata ne, zurfinsu bai wuce milimita biyu ko uku ba, ba su shafi ƙarfin daɓen ba. Daga tsaye ba a ganin su sosai, amma wanda ya sunkuya zai gani.

15 ga Fabrairu

Jiya aka zuba hanyar, da asuba, iska kwance, an kuma kafa buhunan kare iska tun kafin a kunna inji. Murabba'in mita 12 ne kawai, mun gama bugu cikin minti ashirin da biyar, kuma ita ce ta fi kyau a cikin ukun. Layukan tsagarta a kowace mita ɗaya da rabi muka yanka, saboda yanki dogo siriri yana karyewa a tsakiya.

Abu biyu sun taso a tsakar gida. Na farko, rabin gabas ya fi na yamma duhu, har maigidan ya tambaya ko an canza gari. Ba a canza ba, buhunan duk zubi ɗaya ne daga masana'anta, kuma da gangan muka saye su a tare. Bambancin kwana takwas ne a tsakaninsu, kuma kankare yana ƙara haske yayin da ruwan cikinsa ke fita. Ina sa ran za su matso kusa, ko da yake wanda ya bushe cikin iska ba lallai ya zama daidai da ɗan'uwansa ɗari bisa ɗari ba. Na biyu, wani farin gari kamar gishiri ya fito a gefen yamma inda inuwar bango ke daɗewa. Wannan sinadarin farar ƙasa ne da ke cikin siminti, ruwa ke ɗauko shi zuwa sama, ya haɗu da iska ya daskare. Mun goge shi da busasshen buroshi. Idan ya dawo ya yi tauri, sai an bi shi da ruwan tsami mai rauni ƙwarai, a gwada a ɓoyayyen wuri tukuna domin yana iya cin launi. Abin da ba za a yi ba shi ne a shafa mai a kansa, don a ƙarƙashin man zai zauna.

28 ga Fabrairu

Rabin yamma ya cika kwana 28 tun shekaranjiya, adadin da ake auna cikar ƙarfin kankare da shi. Maigidan ya matsu a shafa mai tun makon jiya, na roƙe shi haƙuri. Jiya da yamma na manna leda mai faɗin santimita 45 a wurare biyu, na liƙe gefunanta, na bar ta awa 16. Da na ɗaga yau babu raɓa a jikinta, kankaren ƙarƙashinta kuma bai yi duhu ba. Da an ga ɗaya daga cikin biyun, da sai mu ƙara jira.

1 ga Maris

An shafa man kariya na akirilik a rabin yamma, da sanyin safiya bayan raɓa ta ɗauke, domin a kan daɓe mai zafi man yana kumfa. Shafi biyu marasa kauri, na biyun a gicciye bayan na farko ya bushe. A shafi na biyu mun zuba garin hana santsi, muna motsawa a kai a kai don kada ya kwanta a gindin bokiti. Wannan ban ɗauke shi abin zaɓi ba: daɓe mai mai idan ya jiƙa yana da santsi ƙwarai, gidan kuma akwai yara da tsohuwa.

Da man ya sauka launin ya farka. Yashin ya yi ɗumi, tokar kwaruruka ta yi zurfi, jijiyoyin dutsen da suka dushe tun ranar wanki suka dawo. Baba ya zagaya filin sau biyu hannunsa a baya, ya tsaya a wurin da yanka ya ratsa dutse, sannan ya ce tabarmar farko ta zauna daidai.

4 ga Maris

Farin hazo ya bayyana a ɗan wurin nan da ruwa ke kwanciya kusa da kusurwa. Man ya taru a ramin ya yi kauri, ɗanshi ya maƙale a ƙarƙashinsa. Mun shafa ɗan sinadarin zailin da buroshi, ya narkar da man, ɗanshin ya fita, wurin ya bushe garau. Sinadari ne mai kama wuta mai kuma hawa kai, don haka mun yi aikin da takunkumi, ba wuta kusa.

9 ga Maris

Rabin gabas ya wuce gwajin leda, an shafa masa mai jiya. Bambancin launin ya ragu ƙwarai; da rana tsaka ba a gane shi, amma da yamma idan haske ya kwanta a gicciye, gabas ya ɗan fi duhu, kuma layuka biyun nan marasa zurfi suna nuna kansu. Na ba maigidan zaɓi biyu: a bar su, ko a shimfiɗa musu siririn siminti na musamman a sake bugawa, wanda kuma zai iya kawo nasa bambancin launin. Ya ce a bari zuwa lokacin sabunta mai, ya ga ko idonsa zai saba.

Na rubuta masa abin da daɓen ke buƙata a takarda: shara da wanki da ruwa da sabulu mai sauƙi, kada a ja ƙarfe mai kaifi a kai, a sa roba a ƙafafun kujeru, a ɗaga tukwanen furanni a kan wani abu don ruwa ya riƙa wucewa, a kuma sabunta man bayan shekara biyu zuwa uku, ko duk lokacin da aka ga ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo ya koma shigewa. Na duba layukan yanka ɗaya bayan ɗaya da fitila, a uku daga cikinsu tsagar ta riga ta sauka ta cikin yankan har ƙasa, ba ta fita gefe ba.

Hanya za ta cika kwana 28 ranar 14 ga wata. Ranar 13 da yamma zan manna leda, sannan akwai cike layukan yanka da roba mai laushi mai launin toka, da mayar da ƙasa a gefunan da aka cire katako.